Ƙauyukan gaɓar tekun Wales: Baƙi na ƙaruwa, 'yan gari na raguwa

A kowace shekara, musamman a watannin Yuli da Agusta lokacin da makarantu ke hutu a Birtaniya, dubban iyalai daga biranen Ingila kamar Manchester da Liverpool sukan kama hayar gidaje a karkarar Wales, daga nan su riƙa zagaya ƙananan garuruwa da ƙauyukan bakin teku.

Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi jan hankali shi ne Llŷn, wani zirin ƙasa a gundumar Gwynedd da ke arewa maso yammacin Wales, wanda ya kutsa cikin teku da tsawon kimanin kilomita 50.

Jirgin ƙasa yana tsayawa ne a Pwllheli, babban garin yankin, inda kasuwa ke ci duk ranar Laraba. A nan ne aka kafa jam'iyyar Plaid Cymru ta masu kishin Wales a shekarar 1925. Daga nan kuma sai mota, a kan siraran hanyoyin da sau da yawa sai wata ta rakuɓe kafin wata ta wuce.

A can ƙarshen zirin akwai ƙauyen Aberdaron, inda a ƙarnonin baya Kiristoci masu ziyarar ibada ke yada zango kafin su tsallaka zuwa tsibirin Enlli. A shekarar 2023 tsibirin ya zama wuri na farko a Turai da aka ba matsayin mafakar duhun dare ta duniya, saboda babu hasken lantarkin da ke hana ganin taurari. Masu sha'awar tafiya a ƙasa kuma sukan bi hanyar da ta zagaye gaɓar Wales, mai tsawon kilomita 1,400, wadda aka buɗe a 2012.

Harshe da gidaje

Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne, a shaguna da bakin titi mutane da dama ba da Turanci suke hira ba. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa kashi 64 cikin 100 na mazauna Gwynedd suna jin harshen Welsh, alhali a Wales baki ɗaya adadin bai kai kashi 18 ba.

To sai dai farin jinin yankin ya zo da nasa nauyin. Masu hannu da shuni daga waje suna sayen gidaje don hutu kawai, abin da ya sa farashi ya fi ƙarfin matasan da aka haifa a wurin. Da sanyi ya shigo, sai a ga layin gidaje a kulle, babu ko fitila.

Misalin da ake yawan bayarwa shi ne Abersoch, ƙauyen da ke cika maƙil da masu kwale-kwalen shaƙatawa a lokacin zafi. A ƙarshen 2021 an rufe makarantar firamaren ƙauyen, wadda ke koyarwa da harshen Welsh, bayan ɗaliban da suka rage ba su wuce goma ba. Ƙauyen da ya rasa makaranta kuwa, da wuya ya riƙe iyalai masu ƙananan yara.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Daga watan Disambar 1979 zuwa farkon shekarun 1990, wata ƙungiyar ɓoye mai suna Meibion Glyndŵr ta cinna wa gidajen hutu sama da 200 wuta a sassan Wales, kuma garin Nefyn na Llŷn na cikin wuraren da aka fara.

Matakin haraji

Daga watan Afrilun 2023, gwamnatin Wales ta ba ƙananan hukumomi damar ƙara har kashi 300 cikin 100 a kan harajin gidan da ba shi ne mazaunin mai shi na dindindin ba. Gwynedd ta sanya ƙarin kashi 150 a wannan shekarar.

Haka kuma an ce sai gidan haya ya samu baƙi na aƙalla kwana 182 a shekara kafin a ɗauke shi a matsayin wurin kasuwanci. Masu gidajen haya, ciki har da manoman da suka mayar da tsoffin ɗakunan ajiyarsu masauki, sun koka cewa cika wannan sharaɗi na da wuya a yankin da baƙi ke ɗaukewa da zarar hunturu ya kama.