Toyota Venza: Motar Kwalta Ce Ko Kat-kat? Abin Lura Kafin Ka Aiko Ta Gida

Duk wanda ya saba zama bakin titi da yamma a Yamai, Maradi ko Damagaram ya san ta: mota mai faɗin ƙirji da manyan ƙafafu, ta fi Camry tudu amma ba ta kai Prado ba. Toyota Venza ta shiga ayarin ɗaurin aure, ta shiga harabar ofisoshi, kuma tana cikin motocin da ƴan uwanmu mazauna Amurka da Kanada ke tunanin aikowa gida idan hali ya samu.

Sai dai mota ba riga ba ce da za a ce in ba ta yi ba a ba ƙane. Wanda ya yi shekaru yana aikin dare a Greensboro ko New York, ya tara kuɗi, ya biya jirgin ruwa, ya biya duwan, ba ya son ya ji cewa bayan wata shida motar tana kwance a gareji an rufe ta da tamfol. Shi ya sa muka duba Venza ta fuska huɗu: jin daɗin zama, fili, na'urori da tuƙi, muka auna su da hanyoyinmu da zafinmu.

Suna ɗaya, mota biyu

Abu na farko da ke rikita masu saye shi ne motoci biyu ne daban ke amsa wannan suna. Ta farko an nuna ta a bajekolin motoci na Detroit a farkon 2008, aka sayar da ita a Amurka daga ƙirar 2009 zuwa ta 2015. A masana'antar Toyota ta Georgetown da ke jihar Kentucky aka ƙera ta, a kan ginshiƙin Camry. Ita ce aka fi gani a titunanmu.

Ta biyu ta fito a ƙirar 2021, aka daina ta bayan 2024, inda Crown Signia ta maye gurbinta. A Japan aka ƙera wannan, kuma a can sunanta Harrier. Ba ta da injin fetur zalla. Dukkansu masu haɗa fetur da batir ne. Abin da ya haɗa tsohuwar da sabuwar bai wuce suna da yawan kujeru ba: layi biyu, mutum biyar. Idan ɗan uwa ya kira ya ce ya samo Venza, tambayar farko ita ce ta wace shekara.

Jin daɗin zama

A nan tsohuwar Venza ta fi yin suna. Kujerarta ba ta yi ƙasa kamar ta ƙaramar mota ba, ba ta kuma yi sama da sai an taka matakala ba. Dattijon da gwiwa ke damu zai buɗe ƙofa ya zauna kai tsaye, hajiya da zanenta za ta shiga ba tare da an riƙe mata hannu ba. Ga mai saya wa iyaye, wannan ya fi ƙarfin inji muhimmanci. Kujerun baya suna ɗan kwantawa, akwai wurin miƙe ƙafa, kuma manya uku na iya zama ba tare da kafaɗa ta hau kafaɗa ba. Na'urar sanyi, wadda muka fi kira kilim, tana ba direba da na gefensa damar kowa ya zaɓi nasa sanyin.

Inda take da rauni shi ne ƙafafunta. Mai silinda huɗu tana zuwa da ƙarfen ƙafa na inci 19, mai silinda shida kuma inci 20. Suna da kyan gani, amma duk lokacin da ƙarfe ya girma, naman taya raguwa yake. A kan kwalta mai santsi ba ka jin komai. Da zarar ka faɗa rami ko ka hau hanyar jar ƙasa mai gargada, jijjigar na isowa har cikin baya. Tayar 245/50R20 ta fi ta Corolla ko Camry tsada nesa ba kusa ba, kuma ba kowane mai faci a Dogon Dutsi ko Madawa ke ajiye irinta ba. Tayar ko-ta-kwana da ke ƙarƙashin but ƴar siririya ce, an yi ta don ta kai ka gari mafi kusa, ba don doguwar tafiya ba.

Sai rufin gilashi da wasu ke zuwa da shi. A Kanada abin so ne. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke kai maki 45 a ƙasarmu, ƙarin aiki ne ga kilim. Haka ma baƙar kujerar fata da ta wuni a rana. Mai kujerar yadi mai haske, wadda a can ake ganin ta talaka ce, ita ta fi dacewa da nan.

Fili: mutum biyar, ba bakwai ba

Tsawon tsohuwar Venza ya kai mita 4 da santimita 80. Bayan kujerun baya akwai wurin kaya na kusan lita 1000, idan aka kwantar da su kuma ya kusa lita 2000. Akwatunan tafiya, buhun gero da buhun albasa daga ƙauye duk za su shiga, kuma bakin but ɗin bai yi tudun da zai wahalar da mai lodi ba.

Sabuwar ta ba mutane mamaki ta wannan fuska. Duk da ta fi RAV4 ta zamaninta tsada da tsawo, wurin kayanta bai wuce lita 815 ba, alhali na RAV4 ya haura 1000. Rufinta da aka karkato ta baya don ado shi ya cinye filin, har ya ɗan rage wa dogon mutum sararin kai a kujerar baya.

A kowace daga cikinsu kada ka manta da lissafin gidanmu. Mota mai layi biyu ta mutum biyar ce, bel biyar gare ta. Idan gidan da za a aika wa na mutum takwas ne, kuma ana zuwa suna da biki tare, Highlander ko Sienna masu layi uku sun fi dacewa. Cusa yara a but ba dabara ba ce, ganganci ne.

Na'urori: wanne ke aiki a nan?

Ba duk abin da aka biya kuɗinsa a Amurka ke tsallako teku da amfaninsa ba. Taswirar da ke cikin allon tsohuwar Venza ta Arewacin Amurka ce, ba ta san Birnin Ƙonni ba. Rediyon tauraron ɗan adam da ke cikinta ba ya kamawa a Afirka. Ko rediyon FM ɗin ma an tsara shi yadda tashoshin Amurka suke, yana tsalle daga 88.1 zuwa 88.3, don haka tashar da lambarta ta ƙare da 2 ko 4 ba ta kamuwa da kyau. Babu Apple CarPlay ko Android Auto a cikinta, shi ya sa da yawa ke cire allon su saka na kasuwa. Kyamarar baya kuwa sai a ƙirar 2015 ta zama dole ga kowace Venza. A shekarun baya sai ka duba da idonka.

Abin da ya tsallako da amfaninsa shi ne na tsaro: jakunkunan iska bakwai, birkin da ba ya kulle ƙafa, da na'urar da ke daidaita mota idan ta fara sulɓewa a kwana. Waɗannan su ne ya kamata a tabbatar suna aiki, musamman a motar da ta taɓa haɗari.

Sabuwar ta yi nisa a wannan fanni. Tana da allo na inci 8 ko 12.3, tana haɗuwa da waya, tana taka birki da kanta idan ta hango karo, tana kuma riƙe tazara tsakaninta da motar gaba. Amma na'urar da ke riƙe ta a tsakiyar layi farin fenti take bi. Inda fenti ya goge ko rairayi ya rufe shi, ba ta da abin gani. Ƙurar hunturu ma na iya rufe wa kyamara da na'urar hango ido. Batirinta yana ƙarƙashin kujerar baya, iskar cikin mota ke sanyaya shi ta wata ƴar kafa mai matata. Idan ƙura ta toshe ta, batir ya yi ta ɗaukar zafi, shi kuwa zafi shi ne babban abokin gabarsa.

Tuƙi da shan mai

Tsohuwar na da inji iri biyu, dukkansu da giya shida mai canja kanta. Mai silinda huɗu, lita 2.7, ƙarfin doki 182 gare shi. Ya isa yawon gari, amma mota ce mai nauyin kilo 1700 ko fiye. Da mutum biyar, kaya da kilim a kunne, sai ka yi lissafi kafin ka wuce tirela a hanyar Dosso. Mai silinda shida, lita 3.5, yana da doki 268, kuma shi ba ya jinkiri idan ka taka. Sitiyarinta mai sauƙi ne a hannu, ba ta da hayaniya a kan kwalta, doguwar tafiya ba ta gajiyar da direba. Ba motar tsere ba ce, motar natsuwa ce.

A alƙaluman hukumomin Amurka, tsohuwar na shan lita 8 zuwa 9 a kilomita 100 a babbar hanya, da lita 11 zuwa 12 ko fiye a cikin gari, kuma bambancin injinan biyu bai kai yadda mutane ke zato ba. Sabuwar, mai doki 219, lita 6 take sha a matsakaici. Daga Yamai zuwa Maradi wajen kilomita 660 ne. A farashin sefa 499 kan kowace lita da gwamnati ta ƙayyade a Yulin 2024, tsohuwar za ta ci kusan jaka 30, sabuwar kuma jaka 21 ko kusa da haka. Wannan lissafin takarda ne. Tsufan inji, lodi da kilim za su ƙara a kai. Wanda ya kwana a layin gidan mai lokacin ƙarancin fetur na Maris 2025 ya san darajar motar da ba ta sha da yawa.

Yanzu ga batun da ya fi jawo nadama. Tsakanin cikin Venza da ƙasa akwai kusan santimita 20, kuma akwai masu jan ƙafa huɗu. Wannan ya sa wasu ke kiranta kat-kat. Ba ita ba ce. Ba ta da ƙaramar giyar fita daga yashi irin ta Prado ko Hilux, ba ta kuma da ginshiƙin ƙarfe daban da jiki. An yi jan ƙafa huɗunta ne don ƙanƙarar titunan Amurka da ruwan sama. Za ta kai ka ƙauyen da ke da hanyar jar ƙasa idan ka bi a hankali. Yashi mai zurfi, ƙoramar da ta kawo ruwa da damina, ko lalatattun wuraren hanyar Tawa zuwa Agadas ba aikinta ba ne. Camry ce da aka ɗaga, aka faɗaɗa.

Gyara da hanyar zuwa gida

Wannan dangantaka da Camry ita ce kuma babbar ribarta. Injin mai silinda shida iri ɗaya ne da na Camry, Avalon, Highlander, Sienna da Lexus RX 350 na wancan lokaci, mai huɗun kuma akwai shi a Highlander da Sienna. Masu gyaranmu sun san su, kayansu na samuwa, abin da aka rasa a Maradi ko Damagaram ana samo shi daga Ƙofar Ruwa a Kano. Kayan jiki kamar fitila, gilashin baya da bamba su ne na Venza kaɗai, su ne kuma ke da tsada. Sabuwar tana buƙatar mai gyaran da ke da kwamfuta kuma ya san lantarki mai ƙarfi, da baƙin mai marar kauri na 0W-16. Kafin ka aiko ta, ka tabbata akwai mai wannan aiki a garin da za ta zauna.

Kuɗin hanya ma ya canja. A da motocin hannu ta tashar Kwatano suke shigowa ta Gaya. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanyar da ta fi nisa da tsada. Ka tambayi kuɗin dako da na duwan kafin ka biya kuɗin mota, ba bayan ta hau ruwa ba.

Kafin ka biya

Mafi ƙuruciyar tsohuwar Venza ta Amurka ta kai shekara goma, don haka tarihinta ya fi launinta muhimmanci. Ka nemi lambarta ta VIN mai haruffa da lambobi 17 ka binciki abin da ya taɓa samunta, domin yawancin masu araha daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, wasu bayan haɗari, wasu bayan ambaliya. Motar da ruwa ya shiga wayoyinta ba ta warkewa. Ka leƙa ƙarƙashinta idan daga Kanada ko arewacin Amurka ta fito, inda gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi ke cin ƙarfe. Idan daga Amurka ta fito, ka tuna agogonta mil yake ƙirgawa: mil 150,000 kilomita 240,000 ne. Ka kunna makulli ka ga fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu. Idan ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye matsala.

Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwar da rayuwarsa ke tsakanin gari da kwaltar RN1, ko mai neman motar da iyaye za su shiga cikin mutunci, tsohuwar Venza mai tsabtataccen tarihi zaɓi ne mai kyau, kuma mai yawan doguwar tafiya zai fi jin daɗin silinda shida. Sabuwar ta dace da mazaunin babban birni mai son rage kuɗin mai, wanda ke da mai gyara a kusa. Wanda gonarsa ko garinsu ke bayan yashi da ƙorama kuwa, gara ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin Hilux ko Prado. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi Venza ya sani tun farko cewa motar kwalta ya saya.