Dawisu a Kabad, Ƙadangare a Ƙwarya

A ƙasar Bagudo, daga Illo har Lolo da Tsamiya, ranar jere ta mata ce. Gwaggwanni da ƙawayen uwar amarya sukan wuni suna goge kwanuka, suna ɗora su bisa juna, babba a ƙasa, ƙarami a sama. 'Yan ganin ɗaki kuma su bi su da ido, ga faranti mai zakara, ga kwano mai dawisu, ga tangaran mai jan kifin da Sarkawa ba su taɓa kama irinsa a kogin Kwara ba. Ba a cin tuwo a cikinsu. Ajiya ce, in rana ta ɓaci a cire saiti guda a sayar.

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar Illo a hannun Ingila, ta raba Dandawa da Kyangawa gida biyu, amma fatauci bai tsaya ba. Kaya kan sauka a Kwatano, su bi ta Parakou zuwa kasuwar Malanville, daga nan su tsallako. Farantan Faransa irin su Arcopal sun yi tashe a ɗakunan amare kafin na Sin su cika kasuwa. Su ma Faransawan aro suka yi: a ƙarni na 17 da na 18 maginan Nevers da Rouen sun riƙa kwaikwayon tsuntsaye da dodannin da ke jikin tangaran ɗin Sin.

Tukunyar gida ba ta da wannan kwalliya. Maginiya kan mirgina totuwar masara a kafaɗar randa tun tana ɗanya, ta shafa jar ƙasa, ta goge da 'ya'yan kuka har ta yi sheƙi, shi ke nan. Dabba sai jefi-jefi a ƙwarya, inda mai zane kan ƙona ƙadangare da wuƙa mai zafi, shi ma a dunƙule, sai ka lura da wutsiya za ka gane shi. Malamai ba sa son surar mai rai, to amma ban ga an hana dawisun kanti shiga kabad ba. Ga alama laifin na hannun da ya zana ne.

Yau kuloli da robobi sun ture kwanuka da yawa daga jere. Randa dai uwar amarya ba ta aike a kanta: da kanta take zuwa kasuwa, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, in ta ji amon tsaga ta mayar wa mai ita.