Yadda Ciwon Daji Ke Girma Cikin Fankiriyas

A bayan tumbin mutum akwai wata tsoka mai laushi, tsawonta wajen inci 6, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Ita ke zuba ruwan narkar da abinci cikin hanji, ita kuma ke yin insulin, mai daidaita sukari a jini. Ciwon dajin da ke kama ta yana cikin mafiya wuyar magani.

An gina jiki da ƙwayoyi ƙanana, waɗanda ba a gani sai da madubin likita, kuma ƙwaya ba ta rabuwa biyu sai da umurni. Hakimai da malamansu sun san yadda umurni ke tafiya, watau daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, har ya kai ga mai unguwa. To, haka abin yake cikin ƙwaya. Saƙo na isowa bakinta daga waje, sai wani furotin mai suna KRAS ya karɓa, ya miƙa wa RAF, RAF ya miƙa wa MEK, MEK ga ERK, shi kuwa ya shiga cibiyar ƙwayar ya ce a rabu. Lafiyayyen KRAS, da ya isar da saƙonsa sai ya yi shiru.

Furotin kamar carbi yake, duwatsu a jere, kuma ƙwaya na da rubutaccen tsarin da take bi wajen jera su. Duk sa'ad da za ta rabu sai ta kwafe wannan rubutu. Kowane malami ya san a kan yi kuskure wajen kwafi. Idan kuskuren ya sauya dutse na 12 na KRAS, shi ke nan, ba ya sāke yin shiru. Ya zama kamar dagacin da ke ta shela dare da rana, alhali ba wata takarda da ta zo daga fada. Cikin 1988 Manuel Perucho da abokan aikinsa a Amurka suka nuna wannan kuskure yana cikin galibin masu ciwon; ya ɗara kashi 90 cikin 100.

Amma shi kaɗai bai isa ba. Ƙwaya na da masu tsawata mata, irin su TP53 da CDKN2A da SMAD4, sai su ma sun lalace sa'an nan ciwon ya yi ƙarfi, abin da kan ɗauki shekaru.

An daɗe ana ganin ba maganin da zai iya kama KRAS. Cikin 2013 Kevan Shokat na Jami'ar Kalifoniya ya gano wani lungu a jikin nau'in da ake kira G12C, cikin 2021 kuwa Amurka ta yarda da maganin sotorasib domin dajin huhu. Abin takaici, wannan nau'i bai wuce mutum 1 ko 2 cikin 100 na masu dajin fankiriyas ba.

Ciwon ya kan ɓuya har sai ya yi nisa. Saboda haka in dattijo ya yi shawara, idanu suka yi ɗorawa, ga rama, ga ciwon ciki mai ratsawa zuwa baya, lalle a kai shi asibiti, kada a tsaya ga jiƙo. Mai shan taba sigari kuwa, haɗarinsa ya kai wajen ninkin na wanda ba ya sha.