Rashi Biyu a Lokaci Guda: Mutuwar Iyaye da Durƙushewar Aiki

Daga cikin jarrabawar da ta fi nauyi a rayuwar ma'aikaci akwai rasuwar mahaifi ko mahaifiya a daidai lokacin da wani aiki da aka damƙa masa yake neman durƙushewa, ko kwangilar gini ce da kuɗinta ya ƙare kafin a kai ga rufi, ko shirin wata ƙungiya da masu ba da tallafi suka fara janye jiki daga gare shi, ko manhajar kwamfuta da wa'adin miƙa ta ya daɗe da wucewa. Haɗuwar abubuwan biyu ba ta cika zama tsautsayi zalla ba, domin shekarun da mutum yake kai wa matsayin riƙe ragamar aiki su ne kuma shekarun da iyaye suke manyanta har jinya ta yawaita, kuma sau da yawa watannin jinyar, da zirga-zirgar asibiti da kwanan zaune da neman kuɗin magani, su ne suka fara cinye hankalin da aikin yake buƙata tun kafin ajali ya zo.

A shekarar 1967 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu na Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, sun jera al'amura 43 da suke girgiza rayuwar ɗan Adam, suka ba kowanne maki gwargwadon gyaran zaman da yake tilasta wa mutum. Mutuwar miji ko mata ta samu maki 100, mutuwar ɗan'uwa na kusa 63, kora daga aiki 47, saɓani da shugaban wurin aiki 23. Ma'aunin yana da rauni bayyananne, tunda ya ɗauka cewa kowane rashi nauyinsa ɗaya ne a kan kowa, alhali ɗan da ya taso a gaban mahaifinsa da wanda bai san shi ba sai a hoto ba za su ji abu ɗaya ba. Duk da haka ya tabbatar da abin da ake buƙata a nan, wato matsaloli taruwa suke yi a jiki ɗaya, kuma yawan taruwarsu cikin ɗan lokaci yana ƙara yiwuwar kamuwa da rashin lafiya.

Abin da jimami yake yi wa jiki da tunani ya wuce baƙin ciki kawai. Mary-Frances O'Connor, masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Arizona wadda ta wallafa littafi kan ƙwaƙwalwar mai jimami a 2022, ta bayyana jimami a matsayin wani nau'i na koyo: ƙwaƙwalwar da ta shafe shekaru arba'in tana sanin inda mahaifi yake da lokacin da za a same shi ba ta goge wannan sanin a ranar jana'iza, sai ta yi ta karo da rashinsa a hankali kafin ta amince. Shi ya sa mutumin da ya wanke gawar mahaifinsa da hannunsa, ya sa shi a kabari, yakan tsinci kansa bayan sallar isha'i ya ɗauki waya ya fara laluben lambar tsohon domin ya gaishe shi kamar yadda ya saba, sai yatsansa ya tsaya a kan sunan. Wannan koyo yana cin ƙarfin da mutum yake amfani da shi wajen tattara hankali da riƙe bayanai da yanke shawara, ga barci da ya lalace da cin abinci da ya ragu, saboda haka akan ga akanta mai ƙwarewa yana maimaita lissafi ɗaya sau uku, ko injiniya ya karanta wasiƙa har ƙarshe bai riƙe komai daga cikinta ba. Ita kanta zuciya tana shiga haɗari: wani bincike da aka yi a kan mutane kusan 2,000 da suka gamu da bugun zuciya, aka buga a mujallar Circulation a 2012, ya nuna cewa haɗarin bugun yana ninkuwa kusan sau 21 a cikin awa 24 na farko bayan rasuwar makusanci, sannan ya riƙa sauka a kwanakin da suka biyo baya. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya daina shan maganinsa saboda hidimar makoki yana wasa da ransa.

Al'adar Hausawa ta yi wa mai rashi tanadi mai kyau, sai dai tanadin gajere ne. Ana jana'iza cikin sa'o'i kaɗan, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jama'a su yi ta zuwa suna tambayar haƙuri suna addu'ar Allah ya jiƙan mamaci, har zuwa sadakar uku, a wasu gidajen a ƙara da ta bakwai da ta arba'in. A waɗannan kwanaki mutum ba ya kaɗaita, ba ya ma samun sararin jin abin da ya same shi. Rana ta huɗu ita ce mai wuya, lokacin da aka naɗe tabarmi, baƙi suka watse, aka bar babban ɗa ko babbar 'ya da lissafin bashin mamaci, da maganar rabon gado, da uwa mai takaba wadda za ta yi wata huɗu da kwana goma a ɗaki, da ƙanne da kuɗin makarantarsu ya dawo wuyansa. A ranar ce kuma wayar da ya kife a gefen tabarma, wadda ta yi ta haske da kiran ofis yana kauda kai, take zama wajibi a amsa ta.

Doka ba ta ba shi wani abin dogaro mai yawa ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 6 bayan wata 12 ana aiki, da hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara bisa shaidar likita, amma ba ta ware hutun rasuwa ba, kuma ma'anar da ta ba kalmar ma'aikaci ta fitar da masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru, waɗanda su ne aka fi damƙa wa manyan ayyuka. Abin da irin wannan mutum zai samu ya dogara ne ga takardar ɗaukarsa aiki da ƙa'idojin ma'aikatarsa da kuma halin shugabansa. A Faransa doka ta ba da kwana uku ga wanda ya rasa uwa ko uba, wanda shi ma bai wuce kwanakin zaman makoki ba.

Rashin na biyu kuwa, wato durƙushewar aikin, ba shi da ko kwana ɗaya. Ba a yi wa kowa ta'aziyyar kwangila, ba a taruwa domin shirin da aka soke, sai dai tsegumi da neman wanda za a ɗora wa laifi. Kenneth Doka ya yi rubutu a 1989 kan jimamin da al'umma ba ta amince da shi ba, wato rashin da yake ciwo amma babu wanda ya ba mai shi izinin nuna ciwon, kuma Dean Shepherd, malamin nazarin kasuwanci, ya nuna a 2003 cewa wanda sana'arsa ta rushe yana shiga yanayin da ya yi kama da na mai makoki, kuma wannan yanayi yana hana shi ɗaukar darasi daga abin da ya faru har sai ya lafa. Mutumin da mahaifinsa ya rasu yakan ji kunyar damuwa da aiki, yana ganin kamar ya raina mutuwar, sai ya danne damuwar, ita kuwa ta ɓullo ta wata hanyar, ta zama faɗa da iyali ko tsawa ga na ƙasa da shi.

Babban haɗarin yana cikin cakuɗa rashin biyu har su zama abu ɗaya a zuciya. Kusan duk wanda ya yi jinyar iyaye yana fita da guntun da-na-sani, cewa da an kai shi asibiti da wuri, da an canja likita, da bai tafi taron nan na Abuja ba a makon ƙarshe. Wannan zargin kai ba shi da inda zai sauka tunda mamaci ba ya dawowa, sai ya koma kan aikin da yake hannu, mutum ya ƙudurta a ransa cewa wannan kam ba zai mutu a hannunsa ba. Ko ba tare da makoki ba, ɗan Adam yana da wannan rauni. A 1976 Barry Staw ya gwada ɗaliban kasuwanci 240, ya ba su matsayin masu raba kuɗin wani kamfani na ƙirƙira, ya gano cewa waɗanda su da kansu suka zaɓi sashen da ya yi asara su ne suka fi ƙara zuba masa kuɗi a zagaye na biyu, domin janyewa tana nufin amsa kuskure. Masana suna kiran wannan ɗabi'a zurfafa cikin asara, wato ƙara dukiya da lokaci a kan abin da ya gaza saboda abin da aka riga aka kashe, ba saboda abin da ake sa ran samu ba. Idan aka haɗa ta da zuciyar da take neman fansar abin da ta rasa, sai a ga mutum yana kwana a ofis, yana cin bashi da sunansa domin cike giɓin kwangila, yana ɓoye wa shugabanni gaskiyar inda aka tsaya. Akwai kuma kishiyar wannan, wato wanda duniya ta fita daga ransa gaba ɗaya har ya rubuta takardar ajiye aiki a mako na biyu, ya bar hanyar abincin da yanzu gida biyu suka dogara da ita. Dukansu biyu sun ɗauki durƙushewar aikin tamkar mutuwa, alhali aiki ana iya rage girmansa, a ƙara masa wa'adi, a miƙa shi ga wani, ko a rufe shi a buɗe wani.

Mutane da yawa sun ji labarin matakai biyar na jimami, daga musantawa zuwa fushi har zuwa sallamawa, waɗanda Elisabeth Kübler-Ross ta bayyana a 1969. Ita ta samo su ne daga hira da marasa lafiya da suke fuskantar mutuwarsu, kuma bincike bai tabbatar da cewa masu rashi suna bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Bayanin da ya fi amfani ga ma'aikaci shi ne na Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan, waɗanda suka nuna a 1999 cewa mai jimami lafiyayye yana kai da komo ne tsakanin fuskantar rashin, da kuka da tuna baya, da kuma fuskantar sabuwar rayuwa da hidimominta. Bisa wannan, komawa aiki ba cin amanar mamaci ba ne, awannin da mutum ya manta da baƙin cikinsa yana duba takardu hutu ne da zuciya take buƙata. Illar tana zuwa ne idan ya maƙale a ɓangare ɗaya, ya mai da aikin maɓoya da ba ya fita daga cikinta, ko ya kasa taɓuka komai wata da watanni.

Tarihin Musulunci ya san irin wannan haɗuwa. A shekara ta 10 bayan aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Nana Khadija da Abu Ɗalib, baffan da ya rene shi, suka rasu kusa da juna, sannan ya tafi Ɗa'ifa mutanenta suka ƙi karɓar kiransa, har malaman tarihi suka sa wa shekarar suna shekarar baƙin ciki. Ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, abin da yake nuna cewa haƙuri bai hana kuka ba, ko da yake tarbiyyar da take cewa namiji ba ya kuka ta sa maza da yawa suna ɗaukar daskarewa a matsayin tawakkali. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi ya umarci a dafa wa iyalansa abinci saboda abin da ya shagaltar da su. Hikimar umarnin ita ce a ɗauke wa mai rashi hidimar da ya saba yi, kuma babu dalilin da zai sa ta tsaya a kan tukunya ba ta shiga ofis ba.

A aikace, abin da ya fi kare ma'aikaci shi ne faɗin gaskiya da wuri kuma a rubuce. Ya sanar da shugabansa rasuwar, sannan a takarda dabam ya bayyana matsayin aikin ba tare da kwaskwarima ba: abin da aka kammala, kuɗin da ya rage, abin da ba zai yiwu a cikin wa'adi ba, da zaɓin da yake gani. Raba takardun biyu yana da muhimmanci, domin idan matsalar aikin ta girmi rasuwar, jingina ta ga makoki zai jinkirta gyara kuma zai zubar da amincinsa ranar da aka bincika. Ya nemi a haɗa shi da wani da zai riƙa duba lissafi da duk takardar da za a sa wa hannu na wasu makonni, ya kuma ɗage duk shawarar da ba a warware ta, kamar ajiye aiki ko sayar da gida ko cin babban bashi, har hankali ya dawo mazauninsa. Shugaban da ya je gaisuwa da tawagar ofis ya yi abin kirki, amma gaisuwar da ta fi amfani ita ce ya rage wa mutumin kaya ba tare da ya jira an roƙe shi ba, kuma kada ya auna ƙwazon shekaru goma da aikin wata biyu na makoki.

Yawancin mutane suna farfaɗowa da taimakon dangi da abokai da ibada, kamar yadda binciken George Bonanno na Jami'ar Columbia ya nuna. A wurin kaɗan daga ciki ciwon yana zarcewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jimami mai tsawo a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a Janairun 2022, wato begen mamaci mai tsanani da yake hana gudanar da rayuwa sama da wata shida kuma ya wuce abin da al'adar mutum ta saba gani, yayin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa iyakar a wata 12 ga manya. Wanda ya daina barci, ko ya koma shan ƙwayoyi domin ya iya aiki, ko ya fara jin mutuwa ta fi masa rayuwa, bai kamata ya jira waɗannan watanni ba, kuma na kusa da shi su ne za su fara lura. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, ga sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta haramta nuna wa mai neman irin wannan magani bambanci a wurin aiki.