Madam Wane: sunan miji a baki, sunan uba a takarda

Masu sauraronmu mata na Arlit da Akokan, har da na ƙaramar hukumar Dannet, sun sha aiko mana da tambaya ɗaya: shin idan mace ta yi aure, dole ne ta sake sunanta a takardu ta ɗauki na miji? Amsa a taƙaice ita ce a'a.

A al'adarmu mace da sunan ubanta ake sanin ta har ta koma ga Allah. Bahaushe ya ce wance 'yar wane, Buzayen Dannet kuma suna sa “ag” ga namiji, “walat” ga mace, sannan sunan uba ya biyo. Malamai ma sukan kafa hujja da Suratul Ahzab, inda aka yi umarnin a danganta 'ya'ya ga iyayensu maza. “Madam Wane” kuwa gadon mulkin mallaka ne, ya bazu ta hanyar lakwal da ma'aikatu, kuma ya samu gindin zama a garuruwan uraniyom tun da SOMAIR ta fara haƙa a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1978. A gidajen kamfani da asibitinsa, da sunan ma'aikaci ake neman iyalinsa.

Abin dariya shi ne ko a Faransa, inda muka kwaso abin, aure ba ya sake wa mace suna. Wata doka tasu ta 1794 ta ce sunan da ke cikin takardar haihuwa shi ne sunan mutum. Na miji aro ne ake yi don amfanin yau da kullum. Mu nan Nijar sai muka yi tamu dabara, muka jera uku: na miji, na yanka, na uba. Haka aka san Madam Bayard Mariama Gamatié da ta yi takarar shugaban ƙasa a 2011, da Madam Kané Aïchatou Boulama da ta riƙe ma'aikatar harkokin waje a 2015. Maƙwabtanmu na Najeriya su kuma sai mace ta yi takardar rantsuwa a kotu, ta buga sanarwa a jarida.

To ina matsalar take? Tana wajen saɓanin takardu. Mace ta tashi a daji ba ta da takardar haihuwa, sai da ta yi aure a Arlit aka nema mata hukuncin kotu da zai maye gurbinta, wani lokaci mijin ne ya ba da bayani, aka rubuta sunansa a gurbin na uba. Ko kuma takardar haihuwa da sunan uba, ta asibiti da ta banki da sunan miji. Muddin maigida na raye yana karɓar albashi, ba wanda zai kula. Ranar da ya rasu, ko aka sallame shi kamar yadda ya faru da aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, nan ne ake jin jiki: neman fanshon gwauruwa a CNSS yana bukatar takardar aure da takardun da sunayensu suka dace da juna, ga kuma rabon gado. Idan mata biyu ne ko uku, dukansu Madam Wane, sai a yi ta warwara. Saki ma bai yi ƙaranci a wajenmu ba. Wadda ta auri maza uku, sau nawa za ta sake takardu?

Dokar rajistar jama'a ta 2019, wadda ta maye gurbin ta 2007, ta tanadi a yi shelar aure a ofishin magajin gari ko wata cibiyar rajista, ko da a masallaci aka ɗaura shi. Wannan takardar ce ke haɗa mace da mijinta a idon hukuma. Gyaran suna kuwa sai da hukuncin alƙali, wanda ga mutumin Dannet yana nufin kuɗin mota zuwa kotun Arlit, da ɗaukar shaidu, da ciyar da su har a gama.