Nafaƙar Ɗa Ba Ta Faɗuwa da Mutuwar Aure

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na arewacin Najeriya suke hukunci da shi, nafaƙa ita ce ci da sha da sutura da muhallin da uba zai samar wa ɗansa gwargwadon ƙarfinsa. Littattafan da ake karantawa a zaurukan ilimi, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Shehu Halil, sun fayyace lokacin da wannan nauyi yake sauka daga wuyan uba: ɗa namiji sai ya balaga da lafiyar neman na kansa, 'ya mace kuwa sai ta yi aure ta tare a ɗakin mijinta.

Inda ake yawan kuskure shi ne bayan saki, domin mutane da dama suna gwama nafaƙa da hadana, alhali hukunce-hukunce ne guda biyu. Hadana tana nufin riƙon yaro da renonsa, kuma uwa ce ta fi cancanta da ita matuƙar ba ta auri wani bare ba, sannan idan ta yi auren riƙon yakan koma ga kakar yaron ta wajen uwa kafin a zo ga dangin uba. Nafaƙa kuwa tana nan a kan uba duk inda yaron yake kwana. Saboda haka magidancin da ya ce wa tsohuwar matarsa ko ta ba shi 'ya'yansa ko ta ciyar da su da kanta ya saɓa wa hukuncin ta fuska biyu, kuma sakamakonsa a bayyane yake: bazawara ta koma ɗakin mahaifiyarta da yara, jarinta bai wuce kaskon ƙosai ba, ƙaramar 'yarta tana yawo da farantin gyaɗa a tasha a lokacin da tsararrakinta suke aji. Haka nan uban da ya kai yaro ɗan shekara bakwai almajiranci wani gari, ya damƙa shi ga malam babu guzuri sai allo da kwano, bai sauke wajibin ba, domin neman ilimi ba ya ɗauke haƙƙin ciyarwa.

Dokokin ƙasa ma sun ɗora irin wannan nauyi. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta wajabta wa iyaye kulawa da ciyarwa da tarbiyya da ilmantarwa, ko da yake ba ta aiki a jiha sai majalisarta ta amince da ita. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tilasta karatun shekara 9, wato 6 a firamare da 3 a ƙaramar sakandare, ta kuma tanadi gargaɗi ga wanda ya hana ɗansa a karon farko, da tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu. Wannan tara ta yi kaɗan ƙwarai, kuma da wuya a ji an gurfanar da wani a kanta.

Duk matar da aka bar wa ɗawainiyar yara tana da damar kai ƙara gaban alƙali ya yanka wa uban abin da zai riƙa bayarwa, kuma wajibi ne dangi da masu unguwanni su daina ɗaukar wannan ƙara a matsayin tonon asiri.