Tabki Ɗaya Ne, Na Shanu da Na Kifi

Makiyayi, tabkin da kake shayar da bisashenka shi ne gonar masunci. A nan yankin Korama, daga Matamaye har Ɗan Barto, su ma yana da lokacinsa kamar noma.

Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, kifi ke yin ƙwai cikin ciyawar bakin ruwa. Wanda ya kama uwa a lokacin, ya cinye irin baɗi. Sai ruwa ya fara ja, daga sanyi zuwa bazara, ake shiga.

Kowane kifi da wurinsa. Karfasa tana son bakin gaɓa. Giwan ruwa sai tabki mai zurfi wanda ba ya ƙafewa. Gaiwa kuwa takan shige cikin laka, ta jira damina.

Ga abin da ya shafe ka:

1. Kashin shanu taki ne ga ruwa, yana ƙara abincin karfasa. Amma in ya yi yawa a ɗan ruwan bazara, kifi mutuwa yake yi.

2. Ku zauna da masunta gaban mai gari, a ware mashaya, don kada shanu su tattake taru.

3. Doka ta hana kamun kifi da guba. In ka ga kifaye birjik sun mutu, kar ka shayar. Maza ka sanar da ma'aikatan gandun daji.

4. Katantanwar tabki tana yaɗa tsutsar hanta. In dabbarka tana rama, haɓarta ta kumbura, nemi ma'aikacin kiwo.